Yadda Ake Ziyartar Birnin Faris Kamar Ɗan Gari

Mafi yawan mutanenmu da suka je Faris, babban birnin Faransa, suna dawowa da hotuna iri ɗaya, wato na hasumiyar Eiffel da titin Champs-Élysées, tare da koke iri ɗaya, cewa garin akwai tsada kuma mutanensa ba su da sakin fuska. A ganina dalilin wannan koke shi ne baƙon ya kwana inda baƙi suke kwana, ya ci abinci inda baƙi suke ci, ya yi ta gudu daga wannan shahararren gini zuwa wancan, har ya baro garin bai taka unguwar da mazauna suke zaune ba. Hanyar da zan bayyana a nan ta ginu a kan abu guda: ka zaɓi unguwa ɗaya, ka sauka a cikinta, ka bi tsarin ranar mutanenta, sannan ka riƙa fita daga can zuwa sauran gari. Na ɗauka kana da mako guda ko abin da ya yi kusa da haka.

Abubuwan da za ka tanada kafin tafiya

Na farko shi ne fasfo mai sauran wa'adi da bizar Shengen ta gajeren zama, wato bizar shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, wadda take ba da izinin kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ana fara neman ta a shafin gwamnatin Faransa mai suna France-Visas, kuma tun watan Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga babba. Dole a haɗa da inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000. Idan wurin ɗan'uwa ko aboki za ka sauka, shi ne zai je ofishin magajin garin yankinsa ya karɓo takardar karɓar baƙo da ake kira attestation d'accueil, ya aiko maka da ita ta asali. 'Yan Nijar su lura cewa ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, saboda haka su fara bincika inda ake karɓar takardunsu kafin su sayi tikitin jirgi.

Bayan takardu, ka tanadi katin banki da yake aiki a ƙasashen waje, domin hatta burodi da kati ake saye, tare da 'yan kuɗi a hannu, ƙananan takardu da silalla, saboda kasuwa. Wanda ya ɗauko Yuro 10,000 ko fiye wajibi ne ya bayyana wa jami'an kwastan. Ka zo da ƙaramin hoton fasfo ɗaya, zan faɗi amfaninsa a gaba. Ka zo da takalmin da ƙafarka ta riga ta saba da shi, domin tafiyar ƙasa ce rabin wannan aiki, da rigar sanyi ko ta ruwa gwargwadon lokaci, da gorar ruwa, da jakar cefane ta yadi. Wanda ya fito daga Najeriya yana buƙatar mahaɗin soket, saboda bakin soket ɗin Faransa zagayayye ne mai ƙafa biyu, ba irin namu mai ƙafa uku ba. Sai waya mai intanet da taswira a ciki, da manhajar sufurin yankin mai suna Île-de-France Mobilités.

1. Zaɓi lokaci da unguwa

Watannin Mayu, Yuni da Satumba su ne suka fi daɗin zama. Ka guji Agusta idan mazauna kake son gani, domin a watan ne suke tafiya hutu, ƙananan shaguna da gidajen burodi da yawa suna rufewa na makonni.

An raba Faris gunduma 20, an jera lambobinsu daga tsakiyar gari suna kewayawa zuwa waje, kuma lambobi biyu na ƙarshe a lambar gidan waya su ne suke nuna gundumar, wato 75011 tana nufin ta 11. Wannan ya isa ka gane inda masauki yake tun daga adireshinsa. Gundumomi na 1, 7 da 8 su ne matattarar baƙi da manyan otal-otal, kuma a nan kofin shayi ya fi tsada. Ni ina ba da shawarar ta 11 ko ta 12, kusa da Bastille da kasuwar Aligre, ko ta 19 da ta 20 wajen Belleville, ko ta 13 wajen Butte-aux-Cailles ga mai son wuri marar hayaniya. Ma'aunin da za ka yi amfani da shi mai sauƙi ne: ka duba taswira ka tabbata akwai tashar metro (jirgin ƙasa na cikin gari), gidan burodi, kantin magani da kasuwa a cikin tafiyar minti 10 daga ƙofar masaukin.

Ɗakin haya mai ɗan kicin ya fi otal dacewa da wannan tsari, domin zai ba ka dalilin zuwa cefane. Ka tabbata tallar ɗakin tana ɗauke da lambar rajista ta hukumar birni, kuma kada ka tura kuɗi kai tsaye ga wanda ba ka sani ba a wajen shafin da ka ga tallar. Ka tambaya ko akwai na'urar hawa bene, saboda tsofaffin gidaje da yawa ba su da ita, kuma abin da suke kira hawa na 5 yana nufin hawa biyar ne a saman na ƙasa. Idan ba ka samu ɗakin haya ba, ƙaramin otal a cikin irin waɗannan unguwanni zai wadatar.

2. Daga filin jirgi zuwa masauki

Daga filin jirgin Charles de Gaulle, jirgin ƙasa na RER B (RER jirage ne masu haɗa birnin da kewayensa) yana kai mutum tashar Gare du Nord da Châtelet-Les Halles cikin kimanin minti 35. Daga filin Orly kuwa, layin metro na 14 ya isa can tun Yunin 2024. A shekarar 2025 tikitin filin jirgi Yuro 13 ne. Mai kaya da yawa ya ɗauki tasi, amma daga layin tasi na hukuma kawai, inda kuɗin a ƙayyade yake: a 2025, Yuro 56 daga Charles de Gaulle zuwa ɓangaren arewacin kogin Sen da ya ratsa birnin, Yuro 65 zuwa ɓangaren kudu. Duk wanda ya tare ka a cikin zauren isowa yana tambaya ko kana son tasi, ka wuce shi, domin direban gaskiya yana cikin motarsa a kan layi.

3. Mallaki katin sufuri tun ranar farko

Mazauna Faris ba sa tsayawa sayen tikiti kullum, kati suke riƙewa. Idan ka iso tsakanin Litinin da Laraba, ka je tagar tasha ka nemi Navigo Découverte. Katin kansa Yuro 5 ne, ka liƙa hoton nan da ka zo da shi, ka rubuta sunanka, sannan ka sa masa kuɗin mako, wanda ya kai Yuro 31.60 a 2025. Da shi za ka hau metro, bas, taram (jirgin ƙasa mai bin titi) da RER ba iyaka, har da zuwa garin Versailles mai tsohuwar fadar sarakunan Faransa, da filayen jirgi. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne zaton cewa makon yana farawa daga ranar saye. Ba haka ba ne, daga Litinin yake farawa ya ƙare daren Lahadi, saboda haka wanda ya iso Alhamis ko Juma'a gara ya sayi katin Navigo Easy na Yuro 2 ya riƙa zuba masa tikiti ɗai-ɗai. A 2025 tikitin metro Yuro 2.50 ne, na bas Yuro 2, kuma ɗaya ba ya aiki a madadin ɗaya. Farashin yakan ɗan ƙaru a farkon shekara.

A metro ba a neman gabas ko yamma, sunan tashar ƙarshe ta layin ake dubawa don sanin alkibla. Jirage suna fara aiki wajen ƙarfe 5:30 na asuba su tsaya wajen 1 na dare, Juma'a da Asabar kuma su ƙara awa guda. Ka bari masu sauka su fito kafin ka shiga, ka tsaya ta hannun dama a kan matakala mai tafiya, ka tashi daga kujerar naɗewa ta bakin ƙofa idan jirgi ya cika, kuma ka rage murya idan kana waya, domin mutanen nan shiru suke yi a cikin jirgi. Ka taɓa katinka a na'ura duk lokacin da ka shiga, ko da ƙofa a buɗe take, saboda masu binciken tikiti suna tsayawa a lunguna kuma ba sa karɓar uzurin baƙunta.

4. Koyi gaisuwa kafin komai

Wannan mataki ya fi duk sauran muhimmanci, kuma Bahaushe bai kamata ya sha wahalarsa ba. Kamar yadda ba a shiga zauren mutum ba sallama, haka ba a shiga shago, gidan burodi, kantin magani ko bas a Faris ba tare da cewa bonjour ba, da yamma kuma bonsoir. Ga wanda ya manyanta ka ƙara madame ko monsieur. Mai shago yana ɗaukar shagon a matsayin wurinsa, kuma wanda ya shigo ya fara da tambayar farashi, ko ya fara da Turanci kai tsaye, ya riga ya yi rashin ladabi a idonsa. Yawancin labaran da ake bayarwa na rashin fara'ar mutanen Faris daga nan suka samo asali.

Idan ba ka jin Faransanci, kalmomi kaɗan sun isa: s'il vous plaît wajen roƙo, merci wajen godiya, pardon idan za ka ratsa mutane, au revoir wajen fita. Ka yi gaisuwa tukuna, sannan ka tambaya ko yana jin Turanci. Wanda yake jin Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar, Kamaru da Chadi, ya riƙe vous ga duk wanda bai sani ba, kada ya yi saurin komawa tu.

5. Kafa al'adar safiya: gidan burodi da kasuwa

Ka zaɓi gidan burodi ɗaya kusa da masaukinka, wanda ka ga mutane sun yi layi a ƙofarsa da safe, ka riƙa zuwa can kullum a lokaci guda. Kafin mako ya raba, mai sayarwa za ta gane fuskarka, ta fara miƙo abin da kake so kafin ka faɗa. Ka nemi une tradition, wato dogon burodin da dokar 1993 ta ƙayyade cewa ba a sa masa komai sai fulawa, ruwa, gishiri da yisti. Kuɗinsa ya ɗan haura Yuro ɗaya, kuma a ranar ake cinye shi domin washegari ya bushe.

Kasuwannin unguwa da safe suke ci, su watse wajen ƙarfe 1 zuwa 2 na rana, kuma kowace da ranakunta. Kasuwar Aligre a gunduma ta 12 tana ci kullum ban da Litinin. Ta Bastille tana ci Alhamis da Lahadi, ta Belleville Talata da Juma'a, ta Barbès kuma Laraba da Asabar a ƙarƙashin gadar layin metro na 2, kuma ita ce ta fi arha da cunkoso. A kasuwar abinci farashi a rubuce yake kuma ba a ciniki. A rumfuna da yawa ba a son mai saye ya taɓa kayan marmari, sai dai ya nuna, mai rumfa ya zaɓa masa. Idan ka gaya masa yau za ka sha ko sai jibi, zai zaɓo wanda nunarsa ta dace. Mai neman rangwame ya zo dab da tashin kasuwa, lokacin da ake karya farashi. Mai sha'awar ciniki kuwa ya je kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen, wadda take ci daga Asabar zuwa Litinin.

Idan kewar abincin gida ta taso, ka hau layi na 4 ka sauka a Château Rouge, a gunduma ta 18. A titin Dejean da kewayensa za ka samu kuɓewa, doya, manja, attarugu, busasshen kifi da atamfa, kuma za ka ji harsunan Afirka ta Yamma ta ko'ina. Wannan unguwa ma Faris ce, mazaunanta kuma 'yan gari ne, saboda haka zuwa can yana cikin sanin birnin.

6. Ci abinci a lokacin da suke ci

Gidajen abinci na gaske suna ba da abincin rana daga ƙarfe 12 zuwa wajen 2, su rufe kicin, su sake buɗewa wajen 7:30 na dare. Wurin da ka ga yana sayar da abinci duk yini, da hotunan abinci a ƙofa da mai kiran mutane a bakin titi, don baƙi aka buɗe shi. Ka mai da babban cinka na rana, ka nemi formule, wato haɗin kwano biyu ko uku a farashi guda, wanda ya fi na dare sauƙi ƙwarai. Ruwan sha kyauta ne idan ka ce une carafe d'eau, amma idan ka ce ruwa kawai za a iya kawo maka na kwalba a sa a lissafi. Ladan hidima yana cikin farashi, sai dai wanda ya ji daɗi ya bar 'yan silalla. Ma'aikaci ba zai kawo takardar kuɗi ba sai ka nema da l'addition, domin a wurinsu kawo ta ba a tambaya ba tamkar korar baƙo ne. A gidan shan kofi, wanda ya tsaya a kanta yakan biya ƙasa da wanda ya zauna a waje, amma wanda ya zauna yana iya ɗaukar awa guda da kofi ɗaya ba mai tashinsa.

Musulmi ya haddace waɗannan kalmomi domin ya kauce musu: porc, jambon, lardons da saucisson duk naman alade ne, kuma lardons sukan ɓuya a cikin salak da kek ɗin ƙwai. Kalmar vin giya ce, kuma ana dafa miya da ita a wasu girke-girke. Mahauta da gidajen abinci na halal suna da yawa a Belleville, Barbès da Goutte d'Or, inda za ka samu kuskus na mutanen Magrib da mafe, wato miyar gyaɗa ta mutanen Mali da Senegal. Inda babu halal, kifi ko abincin ganye shi ne mafita.

7. Tsara ranarka da lokutan sallah

Lokutan sallah a Faris suna sauyawa sosai. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 5 na yamma ta faɗi, saboda haka ka sa jadawalin garin a wayarka. Babban Masallacin Faris yana gunduma ta 5, kusa da tashar Place Monge a layi na 7. An buɗe shi a 1926 domin tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma hasumiyarsa ta kai mita 33. Ranar Juma'a ka je da wuri domin yana cika. A gefensa akwai wurin shan shayin na'ana'a inda mazauna, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, suke zama, ga kuma lambun Jardin des Plantes a tsallaken titi. An hana sallah a kan titi tun 2011, don haka ka nemi ƙananan masallatan unguwa a taswira tun kafin lokaci ya ƙure.

'Yan'uwa mata su sani cewa hijabi da mayafi ba laifi ba ne a titi, kasuwa ko gidan tarihi, amma dokar da ta fara aiki a Afrilun 2011 ta hana rufe fuska a bainar jama'a, kuma tararta tana kaiwa Yuro 150.

8. Yi tafiya a ƙafa, ka zauna inda suke zama

Faris ƙarama ce idan aka kwatanta da sunanta, kuma tsakanin tashar metro da ta gaba sau da yawa bai wuce tafiyar 'yan mintoci ba. Kowace rana ka ɗauki yanki guda ka bi shi a ƙasa. Wata rana ka bi gefen mashigin ruwa na Saint-Martin, wanda aka buɗe a 1825, inda matasa suke zama da yamma da burodi da cuku. Wata rana ka hau lambun Buttes-Chaumont, ka gangaro ta lambun Belleville, inda ake hango gari duka ba tare da biyan ko sisi ba. Daga bayan Bastille akwai Coulée verte, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar lambu a saman gada, mai tsawon fiye da kilomita 4. A lambun Luxembourg kuma ka ja ɗaya daga cikin korayen kujerun ƙarfe ka zauna, kada ka yi komai na tsawon awa guda, domin haka masu garin suke yi, kuma a irin wannan zama ne za ka ga tsofaffi masu wasan dara da yara masu tura ƙananan jiragen ruwa a tafki.

Ka cika gorarka a famfunan Wallace, korayen famfunan ƙarfe da aka fara kafawa a 1872, sai dai ana rufe su a lokacin sanyi. Banɗakunan kan titi masu launin toka kyauta ne. Ka tuna cewa shaguna da yawa ba sa buɗewa Lahadi, wasu ƙanana kuma har Litinin, saboda haka ka yi cefanenka tun Asabar.

9. Ga shahararrun wurare, amma da dabara

Ba na cewa ka ƙi ganin abin da duniya take zuwa gani. Ka dai taƙaita shi ga wuri ɗaya a rana, da sassafe ko da dare. Gidan tarihi na Louvre a rufe yake ranar Talata, yana kaiwa dare Laraba da Juma'a, kuma ana kama lokacin shiga ta intanet tun kafin ranar. Na Orsay a rufe yake Litinin. Majami'ar Notre-Dame, wadda ta yi gobara a Afrilun 2019, an sake buɗe ta a Disamban 2024 kuma shiga kyauta ne. Hasumiyar Eiffel ta fi kyau daga tagar layin metro na 6, lokacin da jirgi yake tsallaka kogi tsakanin Passy da Bir-Hakeim.

Gidajen tarihi mallakar birni, irin su Carnavalet mai ba da tarihin Faris da Petit Palais, ba a biyan kuɗin ganin kayansu na dindindin, kuma cunkosonsu kaɗan ne. Ɗan Afirka kuma ya ware rabin yini ga gidan tarihi na Quai Branly, wanda aka buɗe a 2006, inda aka tara dubban kayan fasahar nahiyarmu. Daga nan ne aka mayar wa Jamhuriyar Benin kayayyaki 26 na masarautar Dahomey a 2021.

10. Kiyaye kanka da kayanka

Masu yankan aljihu sun fi yawa a inda baƙi suka taru, wato layin metro na 1, tashar Gare du Nord, gindin hasumiyar Eiffel da matakalar majami'ar Sacré-Cœur. Ka sa waya da walat a aljihun gaba, ka juyo da jakarka ƙirji a cikin jirgi, kuma kada ka ajiye waya a kan tebur a wajen gidan kofi. Dabarun masu damfara sanannu ne: mai son ɗaura maka zare a wuyan hannu, 'yan mata masu takardar neman sa hannu, mai cewa ya tsinci zoben zinariya a gabanka, da masu cacar kofuna uku a bakin titi. Amsarsu duka ɗaya ce, ka ce non, merci ba tare da ka tsaya ba.

Doka ta wajabta wa baƙo ya iya nuna takardun zamansa idan 'yan sanda suka nema, saboda haka ka riƙe fasfo a aljihun ciki, ka bar kwafinsa a masauki da wani a wayarka. Lambar gaggawa ita ce 112, ta 'yan sanda 17, ta motar asibiti 15. Ƙaramar rashin lafiya kuwa kantin magani ake fara kai ta, za ka gane shi da koren gicciye mai haske. A gidan haya ka rage hayaniya bayan ƙarfe 10 na dare, ka gaida maƙwabta a matakala, kuma kada ka ba kowa lambar sirrin ƙofar gida.

Ranar komawa, ka duba manhajar sufuri tun daren da ya gabace ta, domin gyaran layi ko yajin aiki yakan taɓa RER B, musamman a ƙarshen mako. Idan katin makonka ya ƙare daren Lahadi kuma jirginka na Litinin ne, sai ka sayi tikitin filin jirgi daban, ka kuma bar masauki aƙalla awa huɗu kafin lokacin tashi.